Ƙwayoyin Inna Asama'u

"Riƙe min jakar nan, Sakina," in ji Susanna, ko kallonta ba ta yi ba.

Sakina ta riƙe. Susanna ta durƙusa gaban Inna Asama'u, tsohuwar ungozomar da danga kawai ta raba gidanta da na su Sakina, ta ɗaura mata abin awon jini a dantse.

"Inna, ya ƙara hawa fa. Kina shan maganin kuwa?"

"Ina sha, likitata. Allah dai ya yi miki albarka."

Likitata! Shekara uku Sakina tana shigowa tana karanta wa tsohuwar nan takardar magani, ba ta taɓa wuce "ke 'yar gidan Kawu" ba. Aji ɗaya suka yi da Susanna a sakandare, kuma kullum Sakina ce gaba. Amma da aka ba ƙauyen gurbi ɗaya na koyon aikin lafiya, mai gari ya ce Inna ta zaɓa, sai ta ce Susanna 'yar Buwai, wai ita ba ta jin nauyin magana. Ga ta nan yanzu cikin farar riga, ita ke riƙe da ɗakin shan magani na bayan firamare.

Sakina ta san inda ƙwayoyin maganin Inna suke tafiya. Shekarar nan gero ya gagari mutane, balle magani. Inna kuwa tunda take ba ta taɓa sallamar mace hannu wofi ba. A da sassaƙe take bayarwa. Yanzu ƙafa ba ta kai ta daji, sai ta kwance bakin zane ta ba mai ciwon kai ƙwaya ɗaya, mai ciwon mara biyu. Ta kafar danga Sakina take gani.

Har ta buɗe baki za ta faɗa, Inna ta ce, "Ke, kin tsaya ƙerere, ɗebo wa likita ruwa mana."

Ta je ta ɗebo.

A hanya Susanna ta ce, "Abin nan ya ɗaure min kai. Ke da kike kusa, ba ki lura da komai ba?"

"Ni me na sani? Ba ni aka tura karatu ba."

"Kai, Sakina! Har yanzu?" Ta yi dariya ta karɓi jakarta.

Ta gano da kanta mana, Sakina ta ce a ranta. Ai ita aka koya wa.

Ranar Laraba da hantsi Inna ta faɗi a gindin turmi, baki ya karkace. Aka ɗora ta a amalanken shanu aka nufi asibitin Bagwai, Susanna na biye da ƙafa. Kafin azahar shanun suka juyo da ita a lulluɓe.

Susanna ta zauna a ƙofar ɗakin, tunda ita Kirista ce, ba za ta shiga wankan gawar Musulma ba. "Ni ce ban iya ba," take ta faɗa. "Da wata aka tura, da ta gane."

Zuliha, 'yar marigayiyar, ta leƙo. "Sakina, shigo ki zuba mana ruwa. Ai ke ce tata ta kusa."

Sakina ta shiga ta ɗauki buta. Ta fara zubawa, ruwan yana sauka a gefe.

"A hankali, 'yar nan," in ji Zuliha.

Sakina ta sunkuyar da kai. Ta ƙarƙashin asabari tana hango ƙafafun Susanna, sun yi futu-futu da jar ƙasar hanya, takalmi ɗaya ya tsinke.