Jan Layin Ranar Kasuwa

Direba ya riga ya tayar da motar Damagaram lokacin da Radiya ta fito daga ofis da gudu, hular jandarma a hannu.

"Kwamanda, a dakata da tsohon nan! Zo ka ga wani abu."

Kwamanda Mailafiya ya yi tsaki. A bayan motar, Rissa, makiyayi mai furfura daga kwarin Tarka, yana zaune da ankwa. A wayarsa aka samu saƙonnin ɓarayin da suka kore raƙuma daga rijiya. Ya rantse ko sunansa bai iya rubutawa ba. Aka ce to wani ke rubuta masa. In motar ta tashi, sai gidan kaso.

"Telabijin ɗinki kuma?" in ji Kwamanda. Haka yake kiran na'urar binciken waya da Radiya ta koyo aikinta a Yamai. Amma ya biyo ta.

Saƙonni ne dubbai, har da waɗanda aka goge ta tono: addu'o'in Juma'a, tallan magani, gaisuwar dangi. Mai karanta su ɗaya-ɗaya sai ya makance. Ita kuwa ta mayar da kowane saƙo ɗigo, ta jera su bisa ranaku, ta sa duk wanda ya ambaci raƙumi, rijiya ko mota ya zama ja.

Jajayen ba su warwatsu ba. Sun miƙe sambal kamar layin shukar gero.

"Ranar kasuwar Tanout ce kaɗai," ta ce. "Daga hantsi zuwa la'asar."

"To, ranar yake shirya tsiyarsa."

"Na yi zaton haka. Sai na ɗauko wayoyi biyu na shari'ar satar raƙuman Falanko ta bara, waɗanda masu su ma suka yi ta rantsuwa." Ta danna. Layuka biyu suka fito, suka hau kan na farko daram. "Mutum uku, ba su san juna ba, rana ɗaya suke rubutu. Ranka ya daɗe, bari in yi wa tsohon tambaya guda."

Aka shigo da Rissa.

"Baba, ranar kasuwa ina wayarka take wuni?"

Ya dube ta kamar ta tambaye shi inda rana take fitowa.

"Wajen Dodo mai caji mana, 'yata. A daji akwai wuta ne? In bar masa da safe, in karɓa in zan koma. Yaro mai kirki, har shayi yake ba ni."

Kwamanda ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin na'urar, ya bi layin da yatsa.

"Cire masa ankwa," ya ce wa na bakin ƙofa. "Motar ta juya kasuwa, a kamo mini Dodo. Ba jiniya."

Rissa yana murza wuyan hannunsa ya tambaya, "Wannan 'yar wa ce?"

"Tamu ce," in ji Kwamanda, da ƙarfi yadda na waje za su ji. "Ko Damagaram ba su da irinta."

Radiya ta sunkuyar da kai, murmushi na neman ƙwace mata. Kwamanda ya laluba aljihu zai kira manyansa ya ba su labari. Ya laluba ɗayan. Sai ya tsaya cak.

"Radiya, ara mini wayarki. Tawa tana wajen Dodo tun safe."