Surukin Mai Famfo da Dodon Magudana

Talabijin ɗaya ce a gidan Mai Famfo, amma ra'ayi uku ne, kuma babu wanda ya taɓa sauka daga kan nasa.

Shi maigidan, tun da ciwon gwiwa ya raba shi da hawa tankunan mutane da rarrafe a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ba abin da ke ɗebe masa kewa irin fim ɗin dodanni. Ba na fatalwa ba, wannan ya ce wasan yara ne. Shi dai a ba shi halitta mai haƙora da yauƙi, wadda za ta ɓullo daga ruwa ko daga ƙarƙashin ƙasa ta hana gari sakat. Sai ka gan shi a bakin kujera, ya miƙa wuya, yana ba 'yan fim shawara.

"Kai, kada ka leƙa ramin nan! Ka gan shi ko, sai da ya leƙa."

Matarsa tela ce, kekenta na kusurwar falo ta yadda za ta iya taka shi tana kallo. Ita finafinanta na soyayya ne masu ban dariya, musamman waɗanda saurayi da budurwa ba yarensu ɗaya ba, iyaye su yi ta tirjiya, wani kawu ya yi ta kwaɓa, daga ƙarshe kowa ya rungumi kowa. Tun daga farko ta san inda za a tsaya, amma hakan bai taɓa hana ta share hawaye da ƙyallen ɗinki ba.

"Kin san fa aure za su yi," in ji Mai Famfo. "To kukan na mene ne?"

"Kai ma ai ka san dodon naka roba ce aka shafa wa mai. Ihun na mene ne?"

Ta ukun ita ce Auta, wadda ke aiki a kantin magani. Ita ba ruwanta da rigimarsu. Littattafai take karantawa masu kaurin bulo, labaran ƙasashen da babu su a duniya, da taswira a shafin farko, da takubba masu magana, da sarauniyar da ke hawan tsuntsu. Takan ce dodon da mutum ya ƙera da kansa a cikin kansa ya fi duk wanda za a nuna masa ban tsoro. Ubanta kuwa ya ce shi bai ga dalilin da zai sa mutum ya wahalar da idonsa wata guda a kan abin da za a iya nuna masa kafin shayi ya huce ba.

Yayyen Auta duk sun yi aure sun watse. Ita ce ta rage, ita ce kullum da safe take shafa masa man zafi a gwiwa kafin ta fita, tana masa faɗa a kan ya daina tsugunno. Shi ya sa ranar da matarsa ta tsayar da keke ta ce masa akwai magana, tun kafin ta faɗa ya san a kan Auta ce.

Wani ne ke son Auta, in ji ta. Mutumin wata ƙasa mai nisa, yana gyaran na'urorin asibiti, Hausarsa na ɗingishi. Ya shiga kantin ne neman maganin mura, ya ga littafin Auta a kan kanta. Ashe ya karanta shi da yarensu. Don murna sai ya kama ba ta labari, bai ankara ba ya gaya mata wanda zai mutu a ƙarshe. Auta ta miƙa masa maganinsa ba ta ƙara ce masa uffan ba. Washegari ya dawo ba da haƙuri, ya sake dawowa, har murar ta warke bai daina dawowa ba.

"Haka ake farawa!" in ji telar, idonta na ƙyalli. "Wallahi da faɗa ake farawa. Kai ne uban da zai ƙi. To ka ƙi ɗan kaɗan, amma don Allah kada ka wuce rabin fim."

"Ni ba ɗan fim ba ne," ya ce. "Kuma namijin da ke zama yana karanta takobi mai magana, me zai riƙe a gida?"

Ba wannan ne a ransa ba, ita ma ta sani. Ta ci gaba da taka kekenta.

Ranar Asabar bayan abincin rana baƙon ya zo. Sai da ya sunkuya kafin ya shigo ƙofar falo, nan take telar ta raɗa masa suna Dogo a zuciyarta, daga baya kuma a fili. Ya sa farar riga da aka goge har tana ɗaukar ido. Ya durƙusa a gaban Mai Famfo, ya ja numfashi, ya saki jimlar da ko shakka babu ya kwana biyu yana bita.

"Baba, sannu da gida. Na zo in gashe ku."

Telar ta cusa fuskarta a mayafi, kafaɗunta na rawa. Auta ta rufe ido ta ce a hankali, "Gaishe. In gaishe ku."

"In gaishe ku," in ji Dogo, kunnuwansa kamar za su kama da wuta.

"Mun gasu," Mai Famfo ya ce, bai yi ko murmushi ba. "Zauna."

Aka kawo shayi. Aka tambayi aiki, aka tambayi gida, Dogo ya amsa iyakar abin da bakinsa ya iya, sannan magana ta ƙare. Mai Famfo ya dubi agogon bango, ya dubi farar rigar, sai ya miƙa hannu ya ɗauki rimot.

"Baba," in ji Auta da sauri, ta matso kusa da kunnensa. "Don Allah ba irin naka ba. Ba ya iya kallonsu. Ko talla ya gani kau da kai yake yi."

"Madalla," ya ce, ya danna.

Labarin wani birni ne da wata halitta ta tare a magudanar ruwansa. Da farko karnuka ke ɓacewa, daga nan ma'aikatan da aka tura dubawa. Dogo ya zauna tsam a gefen Mai Famfo a doguwar kujera, kofin shayi a hannu, gwiwoyinsa a haɗe. Da kiɗan ya fara yin ƙasa-ƙasa, sai kofin ya fara buga faranti, ƙas-ƙas-ƙas. Auta ta yi masa alama da ido cewa zai iya tashi. Ya girgiza kai.

Can wata mata a fim ɗin ta shiga banɗaki, ta ji ruwa na gurnani a cikin bututu, ta sunkuya ta kara kunnenta.

"Kada ki..." Mai Famfo ya fara.

"Kada! Kada, Mama, fita!" Dogo ya ƙwala, ya ƙarasa da wani dogon zance da yarensu.

Abin ya fasa ƙasa ya fito. Dogo ya yi wata ƙara da ba ta dace da tsawonsa ba, shayi ya tashi sama ya sauka a kan farar riga, ya damƙe hannun Mai Famfo da hannu biyu ya ɓoye fuskarsa a bayan kafaɗarsa.

Mai Famfo ya ji yatsun suna nutsewa a damtsensa. Shekara da shekaru yana kallon finafinan nan a tsakanin mata biyu, ɗaya na cewa roba ce, ɗaya na juya shafi tana hamma. Bai taɓa samun wanda ya ba dodo haƙƙinsa ba sai yau.

"Buɗe ido ɗaya," ya ce masa ƙasa-ƙasa. "Nan ba komai, hira za su yi. In zai fito zan taɓa ka."

Haka suka ƙarasa. In Mai Famfo ya zungure shi, Dogo ya runtse ido, yana tambaya, "Ya ci shi? Baba, ya ci shi?" Shi kuma yana ba shi rahoto dalla-dalla, har da ƙari. Sau ɗaya da gangan ya ƙi zungurinsa, don dai ya sake jin ƙarar nan.

Da aka gama, kowa ya fito da nasa. Telar ta ce an cuce ta, domin likitar cikin fim ɗin da direban motar kwasar shara sun dace da juna, amma aka bari dodo ya haɗiye direban tun ba su gaisa da kyau ba. Auta ta ce da littafi ne da an faɗi inda halittar ta fito, da abin da aka yi mata har ta fusata, ba kawai a ce ga baki ga haƙora ba.

"Dodo ba ya bukatar dalili," in ji ubanta. "Yunwa ce dalilinsa. Kai fa, me ka gani?"

Dogo ya dubi Auta, ya dubi ƙasa. "Baba, gaskiya?"

"Gaskiya."

"Fim ba kyau. Mutanen ciki wawaye ne, kowa yana zuwa inda aka ce kada a je. Amma dodo..." Ya nuna shayin da ke gaban rigarsa. "Dodo ya iya aikinsa."

Mai Famfo ya so ya ji haushi, dariya ta riga shi.

Telar ta ce a je a wanke rigar nan tun shayin bai kama ba. Aka nuna wa Dogo banɗaki. Ya je bakin ƙofa ya tsaya, yana kallon ramin da ruwa ke bi. Mai Famfo ya dafa gwiwa ya miƙe ya bi shi.

"Shiga. Ni na haɗa bututun gidan nan da hannuna, ko ƙadangare ba zai biyo ta ciki ba."

Ya buɗe masa famfo, ya miƙa masa sabulu, ya jingina da ƙofar yana kallonsa yana cuɗa gaban rigar. Daga falo ana jin muryar Auta da uwarta suna ta gardama. Ya bari ƙarar ruwan ta rufe tasa muryar.

"Tafiya za ka yi da ita?"

Dogo ya daina cuɗawa.

"Ban sani ba, Baba. Aikina yana nan. Ina son nan. Amma mamata tana can ita kaɗai, ta tsufa. In na ce maka ba zan tafi ba har abada, ƙarya ne. In na ce mata ba zan dawo ba, ban iya ba." Ya matse rigar. "Auta ta ce ita ma ba ta iya barin gwiwarka."

Mai Famfo ya kau da kai ya dubi bango. Ya so a ce yaron ya yi masa alkawari, ko na ƙarya ne, don ya samu abin riƙewa ko abin ƙi. Bai ba shi ko ɗaya ba.

"Rufe famfon," ya ce da ƙyar. "Kana ɓarnar ruwa." Ya je ɗaki ya ɗauko masa wata rigarsa, wadda hannunta ya tsaya wa Dogo a gwiwar hannu.

Bai ce ya yarda ba a ranar. Sai da ya ja lokaci, yana bincike, yana ƙorafi, matarsa na tuna masa cewa an kusa cin rabin fim. Amma duk Asabar Dogo na zuwa, kuma ba ya ƙara karɓar shayi sai an kashe talabijin.

Da aka sa lokacin aure, uwar Dogo ta iso. Mai Famfo ya zaci zai ga wata doguwa, sai ga 'yar mitsitsiyar tsohuwa da sanda da tabarau mai kauri, ba ta jin ko kalma ɗaya ta Hausa. Ita da telar suka fahimci juna nan da nan, da hannu da dariya da shafa yadi. Shi kuwa ya rasa abin da zai yi da ita. Wata rana da hantsi matan gidan suka fita sayayya da Dogo, aka bar su su biyu a falo. Ya nuna mata talabijin da rimot, ta gyaɗa kai. Ya yi niyyar sa mata fim irin na matarsa, sai ta hango hoton wani ƙaton kada a jerin, ta nuna shi da sanda.

Ya ce mata da hannu akwai tsoro fa. Ta sake nunawa.

Ko gezau ba ta yi ba. Da kadan ya fito, sai ta matso bakin kujera tana buga sanda a ƙasa, tana yi masa magana da ƙarfi, tana nuna masa bayan jirgin ruwa inda wani mai kuɗi ya ɓuya. Da kadan ya kama shi, ta tafa. Mai Famfo ya saki baki yana kallonta, ya manta da fim ɗin.

A haka su Auta suka dawo suka same su. Dogo ya leƙo, ya ga abin da ke kan allo, ya ja da baya ya tsaya a waje.

"Zo nan," in ji Mai Famfo. "Me take ce wa kadan?"

"Tana cewa ya bar yaran, ya ci manyan," Dogo ya amsa daga bakin ƙofa. Tsohuwar ta ƙara wata magana tana nuna ɗanta da sanda. Ya sosa ƙeya. "Ta ce wai in tambaye ka, ko akwai na biyu. Kuma wai ɗakin da aka ba ta ya yi mata, ba ta gaggawar komawa."

Mai Famfo ya dubi Auta, wadda ke tsaye da ledoji a hannu tana murmushi. Ya gyara zama, ya share maƙogwaro.

"Gaya mata akwai har na huɗu," ya ce. "Na ukun ba shi da kyau, amma za mu kalla."