Fuskar da Baba Simbi Ya Rufe

"Ku riƙe shi mana! Kuna kallo zai faɗa kwata!"

Ni ce nake wannan ihun da ludayi a hannuna, amma duk layinmu na Shomolu babu wanda ya motsa. Baba Simbi ne ya fito ba takalmi, daga shi sai zane da singileti, ƙafafun nan sun kumbura suntum, ya tsaya a jikin danfo, motar hayar Lasisi ƙanin matarsa, yana ƙwaƙular talla da farce. Jiya-jiyan nan aka sallamo shi daga asibiti, irin sallamar da likita ke jan 'yarka gefe ya ce a bar ka ka ci duk abin da ranka ke so.

Lasisi ya diro daga mota yana yarfe hannu. "Buroda, me na yi maka? Tallar mutane ce fa! Ko wata biyu ba ta yi ba, kuma kai ka liƙa ta da hannunka."

"Da hannuna zan cire. Kashe motar."

"Fasinja na jirana a Bariga."

"Su taka da ƙafa, Allah ya ba su biyu-biyu."

Shekara talatin ina sayar da wake da biredi a bakin shagon mutumin nan, saboda haka na san halinsa kamar yadda na san gindin tukunyata. Da fari mai zane ne, da buroshi da gwangwanin fenti. Da injinan buga hoto suka cika unguwa, abokan sana'arsa suka watse, shi kuwa ya koyi liƙa wa motoci sitikar talla, har ya zama babu kamarsa daga nan zuwa Yaba. Sai dai jaraba. Sai an wanke mota, ta bushe, a kai ta inuwa ƙarfen ya huce, sannan ya ɗora leda ya bi ta da 'yar robarsa daga tsakiya zuwa gefe. Babbar dokarsa kuwa, ba a ɗora sabuwa a kan tsohuwa. Na sha ganin ya kori direba da kuɗinsa a hannu saboda ya ce a liƙa hakanan, sauri yake.

Wuri ɗaya tak ya karya dokar nan: jikin danfon Lasisi, daidai bayan ƙofa. Duk tallar da za a sauya, zai ɓare ko'ina tas, in ya zo nan sai ya ɗora a kai ya wuce, ba ya ko ɗaga ido. Ni na san dalili, Lasisi ya sani. Simbi 'yarsa ce kawai ba ta sani ba.

Motar tun asali ta matarsa ce, ƙawata Nimota, da cinikin atamfa ta saye ta. Ranar da aka kawo ta ya zauna ya zana fuskarta a wurin, da gwaggwaro shuɗi. Ƙofar danfo ai ba ta rufuwa in ana aiki, turata ake baya kwandasta ya rataye, sai ta rufe zanen ruf. Nimota ta riƙe ƙugu ta ce, "Duk faɗin motar nan ka rasa inda za ka sa ni sai inda ba mai gani?" Ya ce, "Wa ya ce miki so nake a gani? Rana ma ban yarda ta kalle ki ba." Sai da yamma, in mota ta dawo aka ja ƙofa, fuskar ke fitowa tana kallon shagonsa.

Simbi na shekara shida Nimota ta rasu. Ranar addu'ar kwana takwas, mutane na watsewa ya yanko sitikar wani sabulu ya rufe fuskar. Damina ta zagayo, ruwa ya shiga gidajenmu har ƙugu, ya tafi da akwatin da hotunanta suke. Shekara goma sha takwas ke nan. Na ji haushinsa sosai a kan rufe ta da ya yi, ban dai taɓa faɗa masa ba.

To yau ga shi yana ƙwaƙula. Ya daka min tsawa kamar ni ce yarinyar shagonsa. "Iya Tawa, ɗauko min na'urar hura zafi!"

"Da wace wutar? Kwana huɗu rabonmu da ita."

"A tada janareta."

"Yana wajen mai gyara tun kana asibiti. Ka zo ka zauna, don Allah."

Bai zauna ba. Ya samu bakin ledar ya kama, kuma mutumin da ya shekara yana zagin masu gaggawa ya fizga da sanyinta. Ji kake ɓaraƙ. Duk ledojin suka taso tare, da fenti kamar faɗin tafin hannu manne a bayansu. Shuɗi ne, gefen gwaggwaron. A jikin motar kuwa sai ƙarfe tsirara.

Ya dubi abin da ke hannunsa. Sai ya sulale ya zauna a ƙasa, a bakin kwatar da nake tsoro.

A haka Simbi ta same mu, ta dawo daga wajen buga aiki da jakar kwamfuta a kafaɗa. Ita ke tsara duk tallar da uban ke liƙawa, amma ko sau ɗaya bai taɓa barin ta riƙe reza ba. Wai hannunta na danne-danne ne.

"Baami, me kake yi a ƙasa? Kawu, kana tsaye?"

Lasisi ya kau da kai. Ni na gaji da shirun shekara goma sha takwas, na ce, "Uwarki ce a ƙarƙashin tallar nan."

Ta dube ni, ta dubi motar. "Wace uwar?"

"Uwa nawa gare ki? Shi ya zana ta, shi ya rufe ta."

Ta juya ga ubanta. Da ta buɗe baki muryarta ta sauya. "Sau nawa na tambaye ka kamanninta? Ka ce in duba madubi. Ashe kullum tana wucewa ta gabana, ni nake ma tsara abin da ake rufe ta da shi."

"Na manta fuskarta, Simbi," in ji shi, yana haki. "A asibiti na rufe ido in gan ta, na kasa. Ba zan je in same ta ban san ta ba."

Ni ma da na lalubi fuskar a raina, gwaggwaron kawai na samu da muryarta. Kunya ta kama ni. Na juya na sauke tukunyar wake daga wuta, na ɗora ruwa.

Da ruwan zafi muka yi aikin. In tsoma tawul in matse, Simbi ta danna a jikin leda har gam ɗin ya saki, sannan ta ɗaga baki da reza ta ja kaɗan. Ɗaya bayan ɗaya za a cire, in ji shi, in ba haka ba fentin zai biyo. Muka ajiye masa kujerar roba, don dama kwanciya ta gagare shi, numfashi ba ya barinsa. Zaman ma bai iya ba. Ya tashi, ya zauna, ya sa a matsar da kujerar, ya sa a mayar.

"Wa ya ce ki ja sama? Kwantar da hannu! Ninke ta a kan kanta, ki bi jikin mota!"

"Haka nake yi, Baami."

"Ba haka kike yi ba. Iya Tawa, ruwan nan na wankan jariri ne?"

"In ya fi haka zafi hannun 'yarka zai dahu," na ce. "Ka ci abinci."

"Ba na ci."

Tallar taliya ta fita kafin azahar. Ƙarƙashinta wani ɗan takara ne yana washe baki. Lasisi, da ya haƙura da Bariga ya zauna a kan taya, ya ce, "Ah, ranka ya daɗe, ashe nan ka ɓuya? Wannan ko matarsa ba ta zaɓe shi ba." Har Baba Simbi sai da ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Magariba ta yi muna kan kunnen ɗan takara.

Washegari aka tashi da ruwan sama. Ƙarfe ya yi sanyi, tawul na taɓa shi yake hucewa. Mutumin nan ya hana kowa sakat, yana leƙa sama yana tsaki kamar da gangan aka yi masa. Ƙarshe Lasisi ya je ya aro rumfar biki, aka kafa ta a kan motar, ta cinye rabin titi. A unguwarmu kuwa in an ga rumfa a ƙofar mara lafiya, ba a tambaya. Kafin mu ankara sai ga Alhaja mai shagon takarda ta taho da mayafi tana salati, mata biyu na bin ta.

"Allah ya ji ƙansa, mutumin kirki, bai taɓa…"

"Ban tafi ba tukuna, Alhaja," in ji shi daga kujera. "Amma ƙarasa, ina so in ji."

Ranar muka cire maganin sauro, muka cire taron wa'azin wata coci. Ya rage sabulu. Da yamma na lura leɓɓansa sun yi duhu, kuma tsawar ta ragu, sai dai yatsunsa da ke ta motsi a kan gwiwa kamar shi ke jan ledar. Na ja Simbi gefe na ce ko a mayar da shi asibiti. Ya ji ni. Ya ce wanda ya ɗaga shi daga nan bai yafe ba.

Sabulun ne ya ba mu wuya. Shekara goma sha takwas ta gasa shi ya zama kamar ɓawon ƙwai, ba ya jawuwa, sai dai ya ɓalle ƙanana-ƙanana kamar farce. Washegari Simbi ta fara tun da hantsi daga sama. Yatsunta duk sun tashi, ba ta ko kula ba. Ni ina tafasa ruwa ina kallonsa, ina kallon hannunta, ina ji kamar in ture ta in kankare da cokali. Shi ma sau biyu yana cewa, "Yi sauri," sannan ya ce, "A'a, kar ki ji tawa. A hankali."

Gwaggwaron ya fito, da raunin da ya yi masa a gefe. Goshi ya fito. Gira. Ana kiran azahar ta ɗaga wani ɗan yanki, sai ga ido yana kallonmu.

Wallahi sai da na ja da baya. Fentin ko dusashewa bai yi ba, ƙofa ta tsare shi daga rana, leda ta tsare shi daga ruwa. Da ido na biyu ya fito na ji kamar za ta tambaye ni ina kwanon da na ara. Na zauna a kan benci na yi kukana, ban ɓoye ba.

Baba Simbi ya daina motsi. Kwana uku ban ga jikinsa ya tsaya wuri ɗaya ba sai lokacin.

"Baami, ita ce?"

"Ita ce. Na hagun ya ɗan fi girma, ni na ɓata. Sati guda tana min gori."

Simbi ta goge fuska da gefen riga ta sake ɗaukar tawul. "Saura hanci da baki. Kafin la'asar zan gama."

"Bar bakin."

"Me ya sa?"

"Na san abin da za ta ce. Duk tallar duniya ka rasa da me za ka rufe ni sai sabulun wanki." Ya laluba ƙugun zanensa ya ciro 'yar robar nan tasa, wadda gefenta ya cinye saboda aiki, ashe tana jikinsa har asibiti. Ya miƙa mata. "Riƙe. Ko ɗigon fenti ba ki ɗauko ba. Da ni ne, da na ɗauko."

Sannan ya juyo gare ni. "Iya Tawa, akwai wake?"

"Yau ka tuna da ciki?"

"Ki sa manja da yawa. Kar ki yi min irin na kwastoma."

Na tafi ina mita, raina fari ƙal. Na zuba, na ƙara manja, na yanko biredi mai laushi. Ko minti biyar ban yi ba. Da na dawo Simbi na durƙushe a gabansa ta riƙe gwiwoyinsa, Lasisi ya cire hula. Kansa ya ɗan karkata a jikin kujera, idanunsa a kan motar. Na tsaya da kwano a hannu, na rasa inda zan ajiye shi.

Rumfar da aka aro ita aka zauna makoki a ciki. Alhaja ta dawo ta ƙarasa maganarta.

Ranar addu'ar takwas, bayan an watse, Simbi ta ce in ɗora ruwa. Mu biyu muka ƙarasa, babu mai yi mana tsawa, aikin ya yi ta ba ni haushi saboda shirun. Da bakin ya fito, murmushi take, da wushirya a tsakiya. Simbi ta tsaya tana kallo, na ga ta kai harshe ta taɓa tata wushiryar.

Lasisi ya ce kamfanin taliya su yi ta faɗa, shi ba mai sake liƙa masa komai a wurin. Da safe ya tada mota, kwandasta ya tura ƙofa baya ta rufe fuskar, suka nufi Bariga. Da yamma ina kwashe kwanuka suka dawo. Ya kashe mota a bakin shagon, ya zagayo da kansa ya ja ƙofar. Kujerar robar tana nan inda muka bar ta, ba wanda ya ɗauke.