Zafi Lokacin Kwanciya

Tun safe nake matsa bayan tsofaffi a ƙaramin asibitin Dingaya, ni Prisca, nas ɗin da aka turo daga Birnin Kudu neman matan da za su shiga bincike. Binciken kuwa na maganin zafin da wasu mata ke ji ne lokacin saduwa da mazajensu. Na je Sundimina, na je Kiyako, ko mace ɗaya ban samu ba. Yau ce ranar ƙarshe, gobe za a rufe ɗaukar matan.

Duk aikin Malam Jafaru mai shela ne. Na faɗa masa abin da zai ce, ya sunkuyar da kai ya ce bakinsa ba zai iya furta wannan a bainar jama'a ba. Sai ya zaga gari yana cewa duk macen da ke jin zafi lokacin kwanciya ta zo asibiti. To, wace tsohuwa ce ba ta jin zafi in ta kwanta a tabarma? Suka yi mini caa, mai ciwon baya, mai ciwon ƙugu, har da wadda kafaɗa ke hana ta barci. Na ba kowacce man shafawa na sallame ta. Kafin la'asar muryata ta dushe, ga haushi ya cika ni.

Ta ƙarshe wata Inna Tabawa ce. Ta shigo a duƙe tana dogara sanda, matar ɗanta Zuliha na biye da ita, kai a ƙasa.

Na ce, "Inna, ina ke ciwo?"

"Rufe ƙofar tukuna, 'yar nan."

Ina rufewa ta jingine sandar, ta miƙe ƙyam.

"Bayana ras yake. Na gane shelar Jafaru sarai. Wannan ce ba lafiya. Tun da ta gama wankan jego ta dawo ɗakin mijinta, magariba na yi sai in ga fuskarta ta canja. Ni ma na haihu, na san abin. In ta zo ita kaɗai, kafin ta koma gida gari ya ɗauka. In ni ta rako kuwa, wa zai ce uffan?"

Ta san Zuliha ba za ta buɗe baki a gaban suruka ba, don haka ta juya ta fuskanci bango, ta toshe kunnuwanta da bakin mayafi.

Na jawo Zuliha kusa. Na ce mata bincike ne, ba alkawarin warkewa ba, kuma ita ce za ta ce e ko a'a, ba Inna ba.

"Na gaji, Sista," in ji ta a hankali. "Ko ba tabbas, zan gwada."

Da muka gama, Inna ta ɗauki sandarta, ta sake duƙewa kamar yadda ta shigo. A bakin ƙofa ta waiwayo.

"Sauran fa, kin gan su?"

"Waɗanne, Inna?"

"Matan 'ya'yansu da suka rako tsofaffin mana. Kina zaton man shafawa ne ya fito da mu cikin wannan rana?"

Na leƙa waje. Bencin jira babu kowa, duk na sallame su.