Layukan Cikin Ramin Fistan

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba, don a aji huɗu na firamare karatuna ya tsaya, kuma ni ko a gida ba na iya dogon zance. Ƙawata Lantana ce ta matsa mini.

Sunana Barira. A Kuje nake aiki, a shagon Oga Thaddeus mai gyaran injuna. Aikina wanke ƙarafa da kananzir, amma idona kullum yana kan injin guga, wanda ake goge cikin ramin fistan da shi, wato ramin da fistan ke sama da ƙasa a cikinsa. Ran nan Oga zai tafi biki Abaji, sai ya ajiye mini injin ban ruwa na wasu manoman Paikon Kore, da takardar zanensa.

"An riga an faɗaɗa ramin fistan, gugar ƙarshe ta rage," in ji shi. "In ta yi kyau, kin bar wanki. In ta ɓaci, kada ki sake roƙona."

A jikin zanen, kusa da ramin, akwai alama kamar makin da malami ke ba ɗalibi, da ɗan ƙaramin X a gefenta. Na nuna wa Musbahu, wanda ya riga ni fara aiki a shagon.

"Hajiyar kananzir an zama injiniya," ya ce yana dariya. "Ni walda na sani. Ki goge shi kawai ya yi ƙyalli, ai kin iya wanke tukunya."

Da ma abin da hannuna yake so ke nan. Amma X ɗin ya tsaya mini a rai. Wadda ta yi zanen, Injiniya Rumasa'u, ma'aikaciya ce a cikin gari, lambarta na ƙasan takardar. Na ɗauki waya na kira.

"Aunty, don Allah ki yi haƙuri, tambaya ce."

"Ɗaga murya mana, ƙanwata, ba na jin ki."

Na ɗaga, na tambaya.

"Gara da kika kira," ta ce. "Kada ya yi santsi kamar madubi, baƙin mai zai zame, fistan ya ci bango. Dutsen guga yana barin ƙananan layuka. X ɗin yana nufin su gitta juna, kamar saƙar tabarma, don mai ya samu wurin zama. Yana juyawa, kina kai shi ƙasa kina dawo da shi sama. Kada ki tsaya wuri ɗaya, sai su zama zobe-zobe."

Na gwada a ramin wani tsohon inji da aka yar. Da farko zobe ya fito. Na ƙara saurin hannu, layukan suka soma kwantawa suna haye juna. Sai na yi bisimilla na kama na manoman.

Da la'asar Oga ya dawo. Ya haska tocila a ramin, ya zaga da farce, ya auna.

"Wa ya koya miki?"

"Tambaya na yi, Oga."

Aka haɗa injin, aka ja igiya, ya tashi ba hayaƙi, ruwa ya yi tsalle daga durom ya jiƙa wandon Musbahu. Oga ya ce daga yau injin guga nawa ne.

Washegari na biya kasuwa na sayi tabarau na kare ido, na riga kowa zuwa shago.