Masu Haƙa wa Fintan

Shekara arba'in da ɗaya Manus Lavelle yana aika wa amininsa Fintan labarin gari can Ingila, wata-wata, bai taɓa rasa abin rubutawa ba sai yau. Saniyar wane ta haihu, ruwa ya lalata ciyawar wane, 'yar wane ta yi aure a Boston, duk sai Fintan ya ji. Fintan ɗin da ya tafi aikin gini da niyyar shekara biyu, har yau shekara biyun ba ta cika ba.

Wasiƙar Fintan ta wannan karon gajeriya ce. Likitoci sun duba huhunsa, sun ce da wuya ya ga Kirsimeti. Gida za a kawo shi, a binne shi kusa da mahaifiyarsa. Roƙonsa ɗaya ne: kada inji ya haƙa masa kabari. "Na ga yadda ake yi a nan, sai ka ce za a binne bututun ruwa. Maƙwabta nake so, da diga da shebur, kamar yadda muka yi wa babanka. Ka rubuto mini sunayen waɗanda za su haƙa."

A garinsu dangi ba sa haƙa wa nasu. Maƙwabta huɗu ke yi, in sun gama su gicciye shebur biyu a bakin ramin, su kurɓi giyar wuski da gidan makoki ya aiko.

"Sunaye huɗu kacal, ka zauna kana cizon biro tun safe," in ji matarsa Nuala. "Tashi ka zaga gari mana."

Ya hau tarakta ya zaga. Gidan Ruane kwaɗo ne a ƙofa, gonar an dasa mata itatuwan katako har bakin taga. Dinny Walsh yana gidan kula da tsofaffi, ko 'ya'yansa ba ya ganewa. Packie Tighe kuwa, wanda a da yake ɗaga ɗan maraƙi a kafaɗa, a bakin murhu ya same shi.

"Fintan? Ɗan banzan da ya karya mini keke bai biya ba?" in ji Packie. "Sa sunana a farko! Ni zan tabbatar ramin ya yi zurfi, kada ya fito."

Packie ya kai hannu zai ɗauki shayi, hannun na rawa, rabi ya zube a wandonsa. Dukansu biyu suka yi kamar ba su gani ba.

Saura Cathal, magidanci ɗaya tilo a garin da gashinsa bai yi fari ba, shi ma a masana'antar birni yake aiki.

"Baba Manus, in abin ya faɗo Asabar zan zo. Ranar aiki kam, sai dai a kira mai inji. Awa ɗaya ya gama."

"To madalla. Zan gaya masa ya daidaita mutuwarsa ranar Alhamis, don haƙan ya faɗo Asabar."

Daga nan Manus ya wuce maƙabarta. Ya ɗauko shebur, ya samu wuri a bayan katanga, ya ce bari ya gwada kansa. Ƙasar wurin rabi dutse ce, da ma can haka take. Bai kai zurfin idon sawu ba gwiwarsa ta hagu ta ce ba da ita ba. Ya zauna a kan katangar, yayyafi na jiƙa masa hula, yana haki. Kunya ta kama shi, tsoro ya biyo baya. Ya tuna ranar da aka haƙa wa babansa: su goma sha ɗaya suka zo, har ana rigima a kan shebur, Fintan na cikin ramin yana ihun a miƙo masa kwalbar wuski. Yau ga shi shi kaɗai, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Da ya koma gida Nuala ta dubi taɓon da ke wandonsa, ta gane komai.

"Rubuta masa Packie da Dinny da Cathal kawai," ta ce. "Ya tafi da farin ciki. Gawa ba ta leƙowa ta ga wa ya haƙa."

"Ban taɓa yi masa ƙarya ba, ko a kan kaza. Sai yanzu?"

"To kai da kake ta wahala, wa zai haƙa maka?"

Manus ya koma mazauninsa. Ya ja takarda ya fara yadda ya saba. An rufe makarantar firamare. Fadan coci yana zuwa sau ɗaya ne a mako biyu. Packie na gaishe ka, ya ce maganar keke tana nan. Ya cika shafi guda da irin wannan, yana ta kewaye-kewaye, har labari ya ƙare masa.

Sai ya rubuta lamba ɗaya zuwa huɗu. A gaban ta farko ya sa sunansa. Ya daɗe yana kallon sauran ukun, ya bar su haka. A ƙasa ya ƙara layi biyu:

"Mutumina, ban taɓa tsammanin zan ce maka haka ba, amma in za ka zo, ka yi hanzari. Gwiwa ɗaya ta rage mini."