Ƙwaryar Ishaya

A daminar shekarar 1961 abin ya fara, lokacin Ishaya yana da shekara biyu da 'yan watanni. Kafin nan yana cewa "ruwa", yana cewa "kaka", yana bin kaji da dariya. Ba a kai ga girbin dawa ba sai da kalmomin suka tafi ɗaya bayan ɗaya, ya kuma daina waiwayowa idan an kira sunansa. Sai ya zauna a gindin rumbu yana kaɗa jiki gaba da baya, yana duban yatsunsa. Da ya cika shekara huɗu, farfaɗiya ta biyo baya.

Uwarsa Liatu ta yi aji huɗu a makarantar mishan, saboda haka ɗakin magani na Malumfashi ta kai shi. Sista ta ba ta ƙwayoyi farare ƙanana, guda da safe guda da yamma, ta gargaɗe ta cewa idan aka yanke maganin farat ɗaya, faɗuwar za ta dawo fiye da da. Ishaya ba ya haɗiyar ƙwaya. Hanya ɗaya ce ta samu: ta murƙushe ta cikin kunun tsamiya mai kauri, ta ba shi a wata 'yar ƙwarya mai tabon ƙuna a baki. A kan tabon yake ɗora babban yatsansa kafin ya sha. Shekara uku ke nan bai sha komai a wani mazubi ba, ko da ruwa ne.

Mijinta Luka yana aiki a gidan gurzar auduga a Funtua, sai ran Asabar yake zuwa. Gidan yana hannun uwarsa Atu, wadda a da take kiran jaririn "maigidana" tana yi masa rawa a cinya. Tun ranar da ya fara faɗuwa ba ta sake taɓa shi ba, domin ta tashi da sanin cewa duk wanda yawun mai farfaɗiya ya taɓa, ya ɗauka. Ba ita kaɗai ba, haka ƙauyen duka ya sani.

Shekaranjiya da la'asar Atu ta tarar da jikarta Mairo mai shekara biyu, 'yar ƙanen Luka, tana lasar ragowar kunu a ƙwaryar Ishaya. Ta fizge ƙwaryar ta maka da dutsen niƙa, ta kwashi yarinyar ta wanke mata baki da toka. Ƙwaryar ta rabu uku.

Liatu ta gwada sabuwar ƙwarya, ya ture. Ta ƙona bakin wata da garwashi daidai inda tabon yake, ya shinshina ya jefar. Jiya ya yarda ya lashi ruwa a tafin hannunta, sai ta yi kuskuren zuba garin ƙwayar a ciki. Da ya ji ɗaci ya cije ta, ya shiga buga kai da bango, daga nan ko tafin hannun ya ƙi. Yau da safe leɓunansa sun tsattsage, kuma ta ga fatar idonsa na hagu tana rawa. Ta san faɗuwa ce ke bin wannan.

Ranar kasuwar Dayi ce, tafiyar sa'a guda a ƙafa, kuma a can kaɗai ake samun gyartai, mai ɗinke fasassun ƙore. Ba ta iya tafiya da yaron, hayaniyar kasuwa takan sa ya yi ta ihu har ya faɗi. Ta dama kunu ta rufe, ta ɗebo ruwa ta kashe murhu har sai da ta sa hannu cikin tokar ta ji sanyi. Ta rufe rijiya da ƙyauren kara ta ɗora turmi. Ishaya yana ɗaki a kan tabarmarsa ta kaba, wadda ba ya barci sai a kanta.

Ta je ta durƙusa gaban surukarta.

"Inna, zan je Dayi in dawo kafin rana ta take tsaka. Don Allah kada a hura wuta sai na dawo."

"Na ji."

"Idan ya faɗi, a juya shi ya kwanta a gefensa, don kada yawu ya shaƙe shi. Shi ke nan abin da nake roƙo."

Atu ta ci gaba da ɓarar gyaɗa. Liatu ta tashi. Ta ƙulle sakainun nan uku a gefen zane ta fita.

Ta tarar da gyartai a ƙarƙashin tsamiya, wani dattijo mai suna Maitama, da zaren kaba a baki yana jiƙa shi da yawu. Ya kwance ƙullin, ya jujjuya sakainun, ya yi dariya.

"Baiwar Allah, wannan ai ta riga mu gidan gaskiya, addu'a kawai take bukata. Ga sababbi can a rumfa, rabin ladan ɗinkina ya saya miki biyu."

"Wannan nake so, Baba."

"Ta gado ce?"

"Ta yarona ce."

"To, yaronki ya fi sarki tsada." Ya haɗa guda biyu baki da baki, ya ɗauki basilla ya huda huji na farko.

Sai ga Sabuwa mai daddawa, 'yar ƙauyensu, ta zo karɓar ƙwaryarta. Ta gaida Liatu, ta dubi abin da ke hannun dattijon, ta ja da baya.

"Malam Maitama, ka san ko ƙwaryar wa ka riƙe? Ta ɗanta ce mai faɗuwa. A nan yake sa baki kullum."

Sakainun suka zube a ƙasa. Maitama ya tofar da zaren, ya shiga goge yatsunsa da ƙasa.

"Gaskiya ne?" ya tambayi Liatu.

Tana iya cewa Sabuwa ta yi kuskure, ƙwarya ai kama take yi da ƙwarya. Ta ji maganar ta zo har bakinta, ta mayar.

"Gaskiya ne, Baba. Na wanke ta da ruwan zafi kafin in kawo. Shekara uku da hannun nan nake share masa yawu, ragowar kununsa ni nake shanyewa. Dube ni, ban taɓa faɗuwa ba."

"Ke uwa ce. Allah Yana kare uwa. Ni ina da jikoki tara, kuma da baki nake aiki."

"Kwana biyu bai sha magani ba. Bai sha ruwa ba tun jiya. In ba a cikin wannan ba, ba zai sha ba."

Mutane sun fara tsayawa. Maitama ya dubi sakainun, ya dubi tabon cizo a hannunta, ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya sa ƙafa ya turo mata basillar.

"Kin iya ɗinki?"

"Na iya na riga da zane."

"Ƙwarya ba zane ba ce, ba ta yafe kuskure. Zauna. Ni ba zan taɓa ba, amma bakina ai nawa ne."

Ta zauna a ƙasa ta ɗora sakainun a cinya. Ya ce ta bar faɗin ƙwayar wake tsakanin huji da bakin tsaga, ta murza basillar a hankali, kada ta danna. A huji na huɗu ta danna, wani ɗan ɓangare ya ɓalle.

"Kash! Na ce murzawa, ke kina sukar doya. Matsa gaba kaɗan. Jiƙa zaren. Ja, amma kada ki ja kamar mai jan akuya."

Inuwar tsamiyar tana ta tsukewa. Kowane ɗinki ta ja, sai ta tuna fatar idon Ishaya tana rawa. Ta riƙa cewa a ranta, ya Ubangiji, Ka riƙe shi har in isa. Yatsanta ya huje, ta tsotse jinin ta ci gaba. Da ta ɗaure ƙullin ƙarshe rana ta riga ta wuce tsaka. Ɗinkin ya karkace kamar sawun tsutsa, amma ƙwaryar ta tsaya, tabon ƙunar yana nan a bakinta.

"Ki shafe tsagar da ƙullu kafin ki zuba," in ji Maitama. "Kunu mai kauri ba zai yoyo sosai ba." Ta miƙa masa basillar, ya ɗaga hannu biyu. "A'a, ta zama taki. Allah Ya ba yaron lafiya."

Rabin hanya gudu ta yi. Da ta fito daga gonakin dawa na ƙarshe, sai ta hango hayaƙi yana tashi daga cikin gidansu. Ta ƙara gudu. Ta san yara biyu a ƙauyukan nan da suka faɗi cikin wuta mutane suna tsaye suna kallo. Ba ta san lokacin da ta wuce zaure ba.

Murhu a kashe yake. Bayan rumbu aka tara kara aka cinna, Atu tana tsaye kusa da wutar, ta saƙalo tabarmar Ishaya a kan sanda. Liatu ta wuce ta ta faɗa ɗaki.

Yana kwance a dandaryar ƙasa, a gefensa na dama, yana numfashi mai nauyi. Ya jiƙe wandonsa, akwai jini kaɗan a leɓensa. Ta sa kunne a ƙirjinsa, ta daɗe a haka.

"Sau biyu ya faɗi," in ji Atu daga bakin ƙofa. "Na biyun ya daɗe, har fuskarsa ta yi baƙi, yawu yana shaƙe shi. Na kama bakin tabarmar na ɗaga, ya mirgina. Ban taɓa shi ba. Na ce, maigidana, kada ka yi mini haka uwarka ba ta nan."

"Na gode, Inna."

Liatu ta shafe tsagar da ƙullu, ta zuba kunun safe da ya riga ya huce, ta murƙushe ƙwaya guda ta dama. Ta zauna tana jira har ya buɗe ido. Ta tallafo shi ya jingina da ita, ta ajiye ƙwaryar a gabansa, ba ta miƙa ba, domin ba ya son a miƙa masa.

Ya dubi ƙwaryar ta gefen ido. Ya kai yatsa ya bi ɗinkin daga ƙasa har sama, ya sake bi. Ya fara wannan gunjin da yake yi kafin ya yi jifa. Kunu yana ɗiga ta wurin da ya ɓalle, ɗigo ɗaya, ɗigo biyu, a kan zanenta. Ya juya ƙwaryar, ya sake juyawa, babban yatsansa ya sauka a kan tabon ƙuna. Gunjin ya tsaya. Ya ɗaga ya sha, ya sha har ƙasa. Ta zuba masa ruwa a ciki, ya shanye shi ma.

Sai ya fara shafa ƙasa da tafin hannu, yana neman abin da ya saba ji a ƙarƙashinsa.

Liatu ta tashi ta fita. Atu ta koma wurin wutar, ta ƙara kara, ta sake saƙalo tabarmar.

"Duk yawu ne a jikinta," in ji Atu. "Mairo tana yawo a gidan nan. Ran Asabar Luka ya sayo masa wata."

Shekara tara Liatu tana gidan, ba ta taɓa mayar wa surukarta magana ba. Ta matsa ta kama tabarmar da hannu biyu, daidai inda ta jiƙe, ta zare ta daga kan sandar ta naɗe.

"Inna, zan wanke ta in shanya a bayan ɗakina, ƙwaryar kuma zan riƙa rataye ta inda Mairo ba ta kaiwa. Amma ba za a ƙone tabarmar nan ba. Ba za a ƙara fasa ko ƙone wani abu na Ishaya a gidan nan ba."